Bututu a ƙarƙashin dabino: littafin aikin sanyaya gidan Kawu a Madina

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Kawu ya amince. Za mu cire tsofaffin AC huɗu na gidan gonarsa da ke Uyun, arewa da Dutsen Uhudu, mu sa na'ura guda wadda za ta riƙa zuba zafinta cikin ƙasa maimakon iskar waje. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, domin abokan sana'ata ta AC na nan da 'yan'uwa na gida su samu lambobi a hannu.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce: AC kwasar zafi yake yi daga ɗaki ya kai waje, kuma wutar da yake sha ta danganta da zafin wurin da zai juye shi. A Madina iskar Yuli da Agusta tana wuce digiri 43 da rana, a kan rufin da muke girke na'urorin ma ta fi haka. Ƙasa kuwa ba ta bin rana da dare. Daga wajen mita 10 zuwa ƙasa, zafinta kusan ɗaya ne duk shekara, daidai da matsakaicin zafin garin, wanda a nan yake wajen digiri 28. A mita 2 yana ɗan hawa da sauka, yana bin bayan yanayi da wata ɗaya zuwa biyu. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a nan ya san bambancin ruwan tankin sama da na tankin ƙasa. Wannan tazara muke so mu ci moriyarta.

Gidan ɗaki uku ne da majalisa, murabba'in mita 140, hawa ɗaya, rufin kankare. Na tattara takardun wuta na bara. Janairu yunit 600, Yuli 3,400, Agusta 3,450. Farashin wutar gidaje tun 2018 halala 18 ne (halala 100 riyal ɗaya ce) kowane yunit har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura nan halala 30, sannan harajin kashi 15 cikin ɗari. Ke nan yunit ɗin Kawu halala 20.7 ne. Na faɗa masa tun yanzu cewa da wutar da ke da arha haka, kuɗinsa ba za su dawo da wuri ba. Ya ce shi dai ya gaji da ƙarar AC ɗin taga da kuma kiran da yake yi mini duk bazara.

Juma'a, 1 ga Maris

Hanya biyu ce. Ko a haƙa rijiyoyi masu zurfi a zura bututu tsaye, ko a tona dogayen ramuka a shimfiɗa shi kwance. Rijiya tana buƙatar lasisi daga Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma, ga kuɗin mashin, ga baƙin dutsen harra da ke kewaye da Madina wanda ke cinye haƙorin injin. Mu kuwa muna da fili, kuma fili mai shan ruwa kullum saboda dabino. Mun zaɓi rami.

Lissafi: na'ura mai tan 3, wato kilowat 10.5 na sanyi. Idan aka haɗa da zafin kwamfaresar kanta, kilowat 13 za ta riƙa tura wa ƙasa. Na ɗauka kowace mita ta bututu za ta iya sauke wat 22 zuwa 25 a ƙasa mai danshi, don haka mita 600. Layi shida, kowanne mita 100, tafiya da dawowa cikin rami mai tsawon mita 50 da zurfin mita 2, a tsakiyar layukan dabino. Baƙin bututun roba na HDPE mai faɗin milimita 32.

Bututu riyal 2,700. Mahaɗa (inda layukan shida ke haɗuwa), bawul-bawul da babban bututun da zai shiga gida 2,300.

Talata, 5 ga Maris

An fara tono jiya. Direban motar tonon Bahaushe ne ɗan Mai Wurno ta Sudan, kuma da ya ji kakanmu ta can ya ratso a ƙafa daga Kano kafin ya tsallako teku, sai aiki ya zama na 'yan'uwa. Ramuka huɗu sun tafi lafiya: ƙasar kwari ce, yumɓu da yashi, kana damƙa tana dunƙulewa.

A rami na biyar aka tsaya. Layin ya biyo ta tsakanin ajwa mafi tsufa a gonar, haƙorin motar ya fara fito da saiwoyi masu kauri. Kawu ya ɗaga sanda ya tsayar da direba.

"Ɗana, waɗannan mahaifina ne ya dasa su. Ba za a taɓa su ba."

"Kawu, ku yi haƙuri, mita huɗu ke tsakaninmu da gindinsu. Idan muka fita daga inuwa, ƙasar can busasshiya ce."

"To ka nemi dabarar busasshiyar. Bututu ana sayensa a kasuwa."

Ban ja da shi ba, gonarsa ce, kuma dabinon da ya shekara hamsin ba a gwaji da shi. An mayar da layi na biyar da na shida fegin da ke bayan katanga ta gabas, inda ba shuka ba ban-ruwa. Na rubuta a nan cewa waɗannan biyun su ne abin sa wa ido.

Asabar, 9 ga Maris

Fegin gabas ya ba mu wahala. A mita ɗaya da rabi aka ci karo da tsakuwa da ɓaraguzan baƙin dutse, sai da aka ɗaura wa motar guduma. Tono gaba ɗaya ya tashi 6,200. Tifa biyar ta yashi mai laushi don shimfiɗa a ƙarƙashin bututu da samansa, kada dutse ya huda shi, 1,750. Muna so a gama shimfiɗa kafin azumi.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama ranar Litinin, aiki ya koma bayan tarawihi. Mai haɗa bututu ya zo da mashinsa ya narka bakunan ya haɗa su da mahaɗa, 900.

Gwajin matsi ya fasa mana shiri. Mun cika layuka da ruwa, muka tura matsi zuwa bar 6, muka rufe. Bututun roba yana ɗan buɗewa idan ya ji matsi, saboda haka saukar geji a awar farko ba abin tsoro ba ne, daga baya ya kamata allura ta tsaya. Tamu ba ta tsaya ba. Kafin sahur ta sauka bar 4.2. Sai muka rufe bawul na kowane layi muka gwada su ɗaya-ɗaya, dare biyu muna yi. Layi na uku ne. Muka bi shi da tocila daga ƙarshen rami har mahaɗa, ba mu ga jiƙa ba sai a haɗin ƙarshe, inda ruwa ke tsatsa kaɗan-kaɗan ta ƙasan haɗin, wurin da ido ba ya kaiwa sai an sa hannu. Da aka yanke shi, ƙura ce ta shiga bakin bututun kafin a narka. Mai haɗin ya sake shi bai karɓi komai ba.

Abin da zan gaya wa kowa: kada a zuba ko cokalin ƙasa ɗaya a rami sai geji ya kwana bai motsa ba. Da mun binne wannan haɗin, sai an sake kiran motar tono.

Ruwan cikawa na gari ne, wanda ake tacewa daga teku a Yanbu. Na rijiyar gona yana da gishiri, zai yi wa na'ura tsatsa da dattin ciki. Maganin hana daskarewa da ake zubawa a Turai ba mu da buƙatarsa.

Asabar, 23 ga Maris

An binne. Mun riƙa jiƙa yashi muna daddaɓewa don ya manne da bututu. Na binne ma'aunin zafi uku a mita 2: ɗaya kusa da layi na biyu, ɗaya kusa da na shida, ɗaya can nesa inda babu bututu, don ya zama shaida. Duka suna tsakanin digiri 25 da 26.

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na'ura ba ta iso daga Jidda ba, don haka na zauna da littafinta.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya gane. Lambar da ake bugawa a gaban takarda, wadda ke nuna na'urar tana ba da sanyi ninki biyar na wutar da take sha, an auna ta ne da ruwa mai digiri 25 yana shigowa daga ƙasa, bisa ƙa'idar ISO 13256. Wannan ya dace da Suwidin da Jamus da arewacin Amurka, inda ƙasa ke da sanyi kuma babban aikin na'urar ɗumama gida ne. Mu ƙasarmu tun ba a zuba mata zafi ba ta riga ta kai 25 a watan Maris. Sai a shafukan baya ake samun jadawalin ruwa mai digiri 32 da 38, can ne lambobinmu suke, kuma sun faɗi ƙasa da huɗu. Haka yake a AC na iska ma: takardar da ake mannawa a Saudiyya tana da awo biyu, T1 a digiri 35 da T3 a digiri 46. Mai shago T1 yake nuna maka, Madina kuwa a T3 take yini. Idan za a kwatanta, a kwatanta T3 na wancan da shafin baya na wannan.

Na'ura 17,500. Famfon zagaya ruwa mai wat 250, ƙaramin tankin matsi, geji da mita ta musamman don in riƙa karanta wutar na'urar ita kaɗai, 2,900.

Asabar, 4 ga Mayu

Ta iso, an girke ta a ɗakin ajiya. An gama bututun iska zuwa ɗakuna, 5,400. An yi ruwan sama a makon nan, ramuka sun ɗan lotsa, mun ƙara ƙasa.

Asabar, 11 ga Mayu

Kunnawar farko ba ta yi minti goma ba na'ura ta kashe kanta. Ruwa ba ya gudu yadda ya kamata: lita 19 a minti maimakon 34, famfo yana ƙara kamar yana tauna tsakuwa. Iska ce ta maƙale a layuka, kuma ƙaramin famfon ba shi da ƙarfin korar ta daga layi shida a lokaci guda, ruwan sai ya bi waɗanda suka buɗe ya bar sauran. Na aro babban famfo da ganga daga wani abokin sana'a, muka rufe biyar muka tura ruwa da ƙarfi ta ɗaya, har kumfa ta daina fitowa, sannan na gaba. Layi na shida ya fi kowanne iska saboda ƙarshensa ya ɗan hau tudu. Da la'asar ruwa ya tsaya a lita 34.

Ruwa yana shigowa da digiri 28, yana fita da 33.5. Majalisa ta sauka zuwa 24. Gwaggo ta shigo ta tsaya tana dube-dube, ta ce, "Ɗan nan, a kunne take kuwa?" Babu fanka a waje, babu girgizar taga.

Jimillar kuɗi zuwa yau: riyal 39,650, ban da aikin hannuna.

Asabar, 25 ga Mayu

Lafiya lau. Ruwan shiga 29.5. Na wanke matatar iska.

Talata, 18 ga Yuni

Kwanakin Hajji ne, zafin bana ya yi tsanani. Jiya an auna digiri 51.8 a Haramin Makka, labarin alhazan da suka rasu yana ta shigowa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

A shago waya ba ta hutawa, AC na iska suna ta yankewa da rana saboda matsin gas ya yi yawa. Na lallaɓa Uyun da ƙarfe uku don in auna a lokacin da ya fi tsanani. Inuwar waje digiri 46. Ruwan shiga 31.5, na fita 37.

Ga yadda nake lissafi, kowa zai iya: litar da ke gudu a minti, sau bambancin digiri, sau 0.07, shi ne kilowat ɗin zafin da ke shiga ƙasa. Namu 34 sau 5.5 sau 0.07, kilowat 13. Na'ura tana shan 2.5, a cire shi, saura 10.5, shi ne sanyin da gida ke samu. A raba da wutar na'ura da ta famfo tare, 2.75. Ya ba da 3.8. Wato kowane yunit na wuta yana kwashe zafin yunit 3.8 daga ɗaki. AC na iska mai kyau a irin wannan rana da ƙyar yake kai biyu da rabi, tsofaffin Kawu ba sa ma kaiwa. Masu talla sukan manta da famfo a lissafinsu, alhali yana aiki duk lokacin da na'ura ke aiki.

Wannan ce ranar da na ga amfanin aikin da idona, gani ya kori ji.

Asabar, 13 ga Yuli

Ruwan shiga 34.5. Yana hawa fiye da yadda na yi tsammani. Ma'aunin shaida 30.

Asabar, 3 ga Agusta

Takardar Yuli ta fito: yunit 2,310, bara 3,400. Riyal 478 ke nan maimakon 704. Kawu ya ji daɗi. Ni hankalina yana kan wani abu dabam.

Tun makon jiya Gwaggo ke cewa majalisa ba ta yin sanyi da la'asar. Na auna, ba ta sauka ƙasa da 27. Ruwan shiga ya kai digiri 39, na fita 44.3. Na'ura ta koma shan kilowat 3.1, sanyin da take bayarwa ya ragu zuwa 9.5, lambar nan ta 3.8 ta dawo 2.8. Muna dab da zama daidai da AC na kasuwa, bayan duk kuɗin da aka binne.

Na shiga ramin mahaɗa na auna bakin kowane layi. Huɗun da ke ƙarƙashin dabino suna dawo da ruwa a 37.5, wato suna sauke kusan digiri bakwai. Biyun fegin gabas suna dawo da shi a 42.5, digiri biyu kacal. Ma'aunin da ke kusa da layi na shida yana nuna 41, na shaida 31.5.

Dalilin sananne ne a wannan fanni. Bututu mai zafi yana korar danshin da ke kewaye da shi, ruwan ya zama tururi ya yi nesa, yashin da ke manne da bututun ya bushe ƙayau. Busasshen yashi ba ya wuce da zafi ko kashi ɗaya cikin huɗu na yadda jiƙaƙƙe ke yi, ya zama bargo ke nan an lulluɓe bututun da shi. Da zafi ya taru, sai bushewar ta ƙaru, da ta ƙaru sai zafi ya daɗa taruwa. Layukan dabino sun tsira ne don kullum ana mayar musu da danshi daga sama, ga inuwa. Amma tunda biyu sun ajiye kaya, huɗun ne ke ɗaukar nauyin shida, su ma sun fara ɗumi.

Na yi wa Kawu bayani a tsaye a fegin. Ya daɗe yana kallon ƙasar, ya ce, "Ashe ita ma sai ta sha ruwa take aiki." Na ce haka ne, Kawu. Ya ce a ba ta.

Asabar, 10 ga Agusta

Yayyafi a sama ba zai kai mita 2 ba, rana za ta shanye shi. Sai muka huda ƙasa da hannu kowace mita uku a tsawon ramukan biyu, muka kafa guntayen bututu masu huji-huji zuwa zurfin mita 1.2, da taka-tsantsan kada a taɓa na ƙasa. Muka jawo tiyon ɗigo daga famfon gona, kowane guntu da bakinsa. Ruwan alwala da na wankin hannu na majalisa shi ma mun karkato shi nan. Kaya 650.

Lita 400 a rana muke ba su, da dare. Wannan ma kuɗi ne, kuma a ƙasar da ruwan rijiya ke ja da baya bai kamata a ɓoye shi a lissafi ba. Gwaggo ta ce tunda za a zuba ruwa, ba za a zuba shi a banza ba: ta sa mai kula da gona ya yi mata kwamin na'ana'a da yakuwa a saman layukan. Ganyen zai tare wa ƙasar rana.

Asabar, 31 ga Agusta

Mako na farko babu abin da ya motsa. A na biyu ma'aunin layi na shida ya fara sauka. Yau layukan gabas suna dawo da ruwa a 37, na dabino a 35.5, ruwan shiga 36. Lamba ta hau 3.2. Ba ta koma ta Yuni ba, kuma ban sa ran haka ba, domin yanzu ne ƙasa a mita 2 take kan ganiyar zafinta.

Sai na juya ga rufi, don a rage zafin da ake turawa tun daga tushe. Gidan an gina shi kafin a wajabta sa abin tare zafi a sababbin gine-gine. Da magariba idan ka taɓa silin ta ciki, ɗumi za ka ji har tsakar dare. Mun shimfiɗa allunan soso masu kaurin santimita 5 a kan kankaren, muka danne da tsakuwa. Riyal 4,900. Da asuba ake aikin, dama dokar hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku tana aiki har 15 ga Satumba.

Sakamakon ya zo da sauri. Na'ura da ke aiki awa 19 a rana ta dawo 15, yanayin waje bai sauya ba. Kuɗin rufin bai kai kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin aikin ƙasa ba, ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuta, ya kuma ba ƙasa hutun awa huɗu kullum. Duk wanda ya zo shago yana son irin aikin Kawu, rufinsa zan fara hawa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ruwan shiga 33. Na rage ban-ruwan gabas zuwa rabi. An fara tsinkar yakuwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Lissafin bazara, Yuni zuwa Oktoba. Bara: 3,150, 3,400, 3,450, 3,000, 2,050, jimilla 15,050. Bana: 2,050, 2,310, 2,380, 1,850, 1,260, jimilla 9,850. An rage yunit 5,200, kuɗinsu riyal 1,076. A ciki har da gudummawar rufi a watanni biyun ƙarshe.

Dole a faɗi gaskiyar wannan lamba. Da tsofaffin AC aka kwatanta. Da Kawu ya sayi sababbi huɗu masu inbata (samfurin da ke tsimin wuta), wajen riyal 11,000, a ƙiyasina da sun kawo rabin wannan ragi su kaɗai. Aikin ƙasa da ɗigo ya ci 40,300, ƙarin kusan 29,000 ke nan a kan sababbin, don a samu ribar riyal ɗari shida zuwa bakwai a shekara. Fiye da shekara arba'in ke nan kafin kuɗin su dawo. Bututun da ke ƙasa zai iya kaiwa, ana ba irinsa shekara hamsin, amma na'urar sai an sauya ta kafin nan. A gidan da ke biyan halala 18, wannan aiki ba ya mayar da kuɗinsa ta takardar wuta.

Inda lissafi ke sauyawa shi ne babban gida ko ginin haya da ke haura yunit 6,000, domin duk yunit da aka rage daga sama ake cire shi, halala 34.5 da haraji. Haka gonar da ke kan janareta ko hasken rana, inda rage kilowat ɗaya ke nufin rage faranti da batir. Sauran ribar ba ta shiga takarda: babu na'ura a kan rufi da ƙura za ta toshe, ba ta yanke ba ko sau ɗaya a kwanakin Hajji, kuma tsofaffi biyu suna barci ba ƙara. A wurin Kawu wannan ne ya saya, ya kuma ce bai yi nadama ba.

Ɗan baffana ya kira daga Kano yana tambaya, tun da aka kai yunit ɗin wutar rukunin A naira 225 a Najeriya a watan Afrilun 2024. Na ce masa wuta mai tsada tana gajarta shekarun, amma ya lura da abu guda: watannin da Kano ta fi zafi, Maris zuwa Mayu, su ne ƙasa ta fi bushewa. Idan ba lambu ko fadama gare shi ba, abin da ya same mu a fegin gabas zai same shi a duk layukansa.

Asabar, 28 ga Disamba

An juya na'ura zuwa ɗumi. Sanyin asuba yana sauka wajen digiri 11.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

A ɗumi ƙasarmu tana da kyauta. Ruwa yana shigowa da digiri 27, ya koma da 22.8. Kilowat 10 daga ƙasa, 2.3 na na'ura, gida yana samun 12.3 da wutar 2.55. Lamba 4.8. Hita mai waya da Gwaggo ke kunnawa a da, yunit ɗaya yake ci ya ba da ɗaya. An ɗaure shi an ajiye. Sai dai awa biyu zuwa uku kawai ake buƙata, kafin sallar asuba zuwa hantsi.

Wannan ya kawo tambayar da ta rage. A bazara mun zuba wa ƙasa zafin da ya kai yunit 29,000 a ƙiyasi, a hunturu da ƙyar za mu ɗebo 1,500. Da rijiya mai zurfi ce, wannan rarar taruwa za ta riƙa yi shekara bayan shekara. Rami mara zurfi yana iya fitar da nasa ta sama a watannin sanyi, kuma ma'aunai suna nuna hakan na faruwa: na shaida 26, na layi na biyu 26.5, na layi na shida 28. Bambancin da ya kai kusan digiri goma a Agusta ya dawo biyu.

Shirin gaba. Zan ci gaba da karanta ma'aunai duk Asabar har 23 ga Maris, ranar da aka binne su bara, in kwatanta da 25 zuwa 26 na wancan lokaci. Idan layi na shida bai sauko ba zuwa tsakiyar Fabrairu, akwai tsohon kwandensa (sashen AC na waje mai fitar da zafi) a shago, zan haɗa shi da mahaɗa in riƙa zagaya ruwan gabas ta cikinsa da dare yana shan iskar sanyi. Fanka da famfo wat 400, awa shida, bai wuce halala 50 a dare ba. Ban-ruwan gabas zai koma lita 400 daga farkon Afrilu, kafin zafi ya fara korar danshi. Kawu kuma ya ba da izinin dasa 'ya'yan dabino takwas a bakin fegin, mita huɗu daga layuka. An yi cinikinsu, ranar Alhamis za a kawo.